LAMBUN JAMA'A DA HUKUNCE-HUKUNCENSA

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwa, Mai rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako yana kan lambun jama'a, watau filin da mutanen unguwa ke haɗuwa su noma da aikin gayya, ba don biya ba, sai don amfanin marayu da gajiyayyu da almajirai.

Allah Ya yi wa kudancin Kano baiwar ruwa. Kogin Kano ya ratso dajin Falgore ta ƙasashen Doguwa da Tudun Wada, ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da fari ya gigita Arewa. Ga kuma fadamun Kiru da rafukanta. Amma garuruwa suna ta bunƙasa, ana yanka gonakin bakin gari ana sayarwa fuloti-fuloti, har a sami gwauruwa cikin gari wadda kayan miya ke gagararta. Lambun jama'a magani ne ga wannan, sai dai ba ya ɗorewa sai an kiyaye abubuwa uku: ƙasa, ruwa da rabo.

Na farko, ƙasa. Sau da yawa mai fili yakan ba da shi da baki kawai. Ranar da ya rasu sai magada su ce a raba, wahalar jama'a ta tafi a banza. Shari'a ta toshe wannan ƙofa da wakafi, wanda malaman Malikiyya ke kira hubusi. Asalinsa shi ne gonar da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya samu a Haibara. Annabi, mai tsira da aminci, ya nuna masa ya tsare asalin ƙasar ya yi sadaka da amfaninta, sai ya sharɗanta kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada. A mazhabar Imamu Malik wakafi ba ya cika sai an karɓe shi daga hannun mai shi tun yana da rai da lafiya. In ya rasu fili yana hannunsa, to, ya koma gado. Saboda haka a rubuta takarda gaban shaidu adilai, da sanin limami da mai unguwa, a zagaye iyaka. In mai fili ba ya son rabuwa da shi har abada, mazhabar ta yarda a yi wakafi na ƙayyadaddun shekaru.

Na biyu, ruwa. Mafi yawan rigimar 'yan lambu a bakin magudana take tashi. Hukuncin da Annabi ya yanke a kwarurukan Madina shi ne, wanda ke sama ya fara ban ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Ke nan na sama ba shi da ikon datse ruwa bayan fangalinsa ya ƙoshi, na ƙasa kuma ba shi da ikon fasa magudana da dare. In rijiya ce ko inji, a tsara kwanaki kowa ya san ranarsa.

Na uku, rabo. Lalle ne a naɗa mai kula, amintacce, wanda zai riƙe littafin kuɗin iri da taki da man inji, ya karanta wa jama'a bayan kowace kaka. Sayyidina Umar ya yarje wa mai kula da gonarsa ya ci gwargwadon al'ada, ba tare da tara dukiya ba. Wanda ya wuce nan ya ci amana.

Game da zakka, a Malikiyya ba a fitar da ita daga tumatir da albasa da tattasai da alayyahu da sauran kayan lambu. Amma masara da shinkafa da alkama, in sun kai nisabi, watau sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ko ruwa mai gudana da kansa ya shayar da su, ko da an biya kuɗin magudanar. In da jigo ko inji aka sha wahala, ɗaya bisa ashirin.

Rashin zakka a kan ganye ba izini ne na rowa ba. A cikin Suratul Ƙalam Allah Ya ba da labarin masu wata gona da suka ƙulla su yi sammakon girbi don kada miskini ya riske su, suka wayi gari gonar ta halaka. Hadisi kuma ya tabbatar da cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi.

Allah Ya sa albarka a ƙasa da ruwa, Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta, amin.