Asalin Sunan Mika'ilu da Yaɗuwarsa a Cikin Harsuna

 

'Yan'uwa, a farkon daminar bana na halarci wani suna a Dawanau, a gidan wani dattijo manomi da ke bayan kasuwar hatsi. An haifi jaririn ne a daren da ruwan shuka ya sauka, saboda haka kakansa ya zaɓa masa Mika'ilu. Ana cikin rabon goro sai wani saurayi, ƙanen mahaifin, ya matso kusa da ni ya ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai wani Kirista da muke awon wake tare, sunansa Maikel, ya ce mini sunansa da wannan duk ɗaya ne. Ashe sunan Nasara za a sa wa ɗanmu?" Dattijo ya ji, ransa ya ɓaci, har ya fara shawarar a sake suna. Amsar da na ba su a gurguje ita ce nake so in warware a nan.

Da farko dai abokin cinikin nan bai yi ƙarya ba. Asalin sunan daga Ibrananci yake, watau harshen Bani Isra'ila, wanda yake ɗan'uwan Larabci ne na kusa. Masana harshen sun raba shi gaɓa uku: "mi" watau wa, "ka" watau kamar, daidai da kafin kamantawa na Larabci, sai "El" watau Allah. In an haɗa, ma'anarsa: wane ne kamar Allah? Tambaya ce wadda amsarta ita ce babu. Malamanmu na tafsiri kuma sun ruwaito daga Ikrima, almajirin Ibn Abbas, cewa ma'anarsa bawan Allah. Ko wanne aka ɗauka, tauhidi ne tsantsa. Wannan "Ilu" ita ce muke ji a ƙarshen Jibrilu da Israfilu da Isma'ilu.

Daga Ibrananci sunan ya bi hanya biyu. Ta farko ita ce ta littattafan Yahudu da Nasara. Ya zo a Littafin Daniyel, aka juya shi zuwa harshen Girka, sa'an nan zuwa Latin wajen shekara ta 400 Miladiyya. Daga nan kowace al'umma ta lanƙwasa shi daidai harshenta: Ingila suka ce Maikel, Faransa suka ce Mishel, Sifen da Fotugal suka ce Migel, Rasha suka ce Mikhail, kamar Mikhail Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyat na ƙarshe, wanda ya sauka a 1991. A Amurka kuwa, daga 1954 zuwa 1998, in ban da shekara ɗaya, babu sunan da aka fi raɗa wa 'ya'ya maza kamarsa.

Hanya ta biyu, wadda ta kawo shi gare mu, ita ce ta Alƙur'ani mai girma. Allah Maɗaukaki ya ambaci Mala'ika Mika'ilu sau ɗaya, a aya ta 98 ta Suratul Baƙara a lissafin Hafsu, tare da Jibrilu, inda ya bayyana cewa ƙin su kafirci ne. Malamai sun ambata cewa dalilin saukar ayar shi ne wasu Yahudawan Madina sun ce Jibrilu maƙiyinsu ne, Mika'ilu kuwa masoyinsu ne don shi ke zuwa da ruwa da yalwa. Sai Allah ya ƙi wannan rarrabewa. Haka kuma Imamu Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan buɗe sallarsa ta dare da kiran Allah a matsayin Ubangijin Jibrilu da Mika'ilu da Israfilu.

A nan akwai fa'ida ga ɗalibai. Hafsu ya karanta sunan da "Mikala", Warshu kuwa, wanda da ruwayarsa muka yi karatun allo, ya karanta "Mika'ila" da hamza. Ka ga ke nan lafazin da Bahaushe ya riƙe daga bakin alaramma ya ɗauko shi, ba daga bakin Bature ba, domin tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 ana rubuta shi a kan allo. Sa'an nan malaman nahawu sun ce ba ya karɓar tanwini, kuma a wurin da ya kamata ya ɗauki wasalin ƙasa sai ya ɗauki na sama, saboda suna ne na yanka kuma ba Balaraben asali ba. Larabawa da kansu ba su ɓoye baƙuntarsa ba, kamar yadda ba su ɓoye ta Ibrahimu da Is'haƙu da Yaƙubu ba. In da tarayya da Ahlul Kitabi a suna aibi ce, da Musa da Isa da Maryam sun fita daga hannunmu.

Saura hukunci. Gaskiya ne an ruwaito daga Imamu Malik cewa ya karhanta sanya wa yaro sunan Jibrilu, kuma Ibn Ƙayyim ya kawo wannan a littafinsa Tuhfatul Maududi. Amma karhanci ba haramci ba ne, kuma mafi yawan malamai sun halatta, kamar yadda Imamu Nawawi ya bayyana. A ƙasarmu ma, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, ga Jibrin da Jibo ba su ƙirguwa a garuruwanmu. Wanda ya bar sunan don bin maganar Malik ya yi kyau, wanda ya sa kuma ba a zarginsa, balle a ce sai ya sake.

Gargaɗi ɗaya na yi wa dattijon. Malamai sun ce Mika'ilu ne aka wakilta a kan ruwan sama da tsiro, amma ɗan aike ne, ba ya saukar da ɗigo sai da izini. Kada manomi ya zaci sunan jikansa zai cika masa rumbu, kada kuma ya roƙi mala'ika ruwa. Sunan da kansa yana tunatar da mu cewa babu kamar Allah.

Da dattijon ya ji haka sai ya dubi saurayin ya ce, "To, ka gaya wa abokin naka ya yi takwara." Aka shafa fatiha, yaro ya zauna da sunansa.

Allah ya raya shi bisa sunna, ya ba mu damina mai albarka, amin.