Masai Mai Ruwa: In Kwano Ya Ƙi Riƙe Ruwa

 Darasinmu na wannan wata a kan masai ne, irin wanda ake korawa da buta ko bokiti. Gidaje da yawa sun gina shi, haka ma majami'u da makarantu. Kukan da ake kawo mana kusan ɗaya ne: an kora, ruwa ya tsaya a gindin kwano, an jima a leƙa a ga wayam. Sai wari ya taso, ƙudaje su cika ɗakin, yara su koma bayan danga.

Bari mu fara da aikin ruwan nan. A ƙarƙashin kwano akwai bututu mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa. Duk sa'ad da aka kora, ɗan ruwa yakan rage a lanƙwasar. Abin da yake toshewa wajen milimita 20 ne, wato faɗin babban yatsa. Shi ne ƙofar ramin. Muddin yana nan, wari ba ya fitowa, ƙuda da sauro da kyankyaso ba su da hanya. In ya tafi, ƙudan da ya fito daga rami shi zai sauka a kan tuwon yara. Kada mu ɗauki wannan da wasa. A 2021 an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton amai da gudawa ta kama a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu. Daga najasa cutar take shiga ruwa da abinci.

Kafin ku taɓa guduma, ku yi gwaji. Da yamma ku kora, ku ja layi da gawayi daidai bakin ruwan, ku rufe kwanon da katako, kada kowa ya shiga sai da safe. In ruwan yana kan layi, kwanon lafiya lau yake. Rana da iska ne suke shanye shi. Wannan yakan faru da hunturu da bazara, musamman a masan majami'a da ba a shiga sai Lahadi. Maganinsa murfi, da wani wanda zai riƙa zuba kofi ɗaya a tsakiyar mako.

In ruwan ya sauka, ku fara neman tsumma. Mutane sukan yi mamakin wannan. Tsumma ko zare ko gashi in ya maƙale a lanƙwasa, kai ɗaya cikin ruwa, ɗaya yana reto wajen rami, yakan tsotse ruwan kamar yadda lagwani yake jan kananzir. Ku sa leda mai kauri a hannu, ko ku lanƙwasa waya mai taushi, ku jawo shi a hankali. Bayan haka ku wanke hannu da sabulu.

In babu tsumma, to, akwai tsaga. Mafi yawan tsagar nan mu muke yin ta da hannunmu. An jefa totuwar masara ko dutse ko kara, masai ya toshe, maigida ya ɗauko rodi ya caccaka. Hanya ta buɗe, amma gindin lanƙwasa ya fashe. Waɗansu ma da gangan suke fasa shi, wai domin su huta da ɗaukar ruwa. A ganina wannan hasara ce biyu: an biya kuɗin masai mai ruwa, an koma rami buɗaɗɗe. Lita 2 zuwa 3 sun isa kora ɗaya, ruwan wanki ma yana yi. Totuwa da ganye kuwa a ajiye musu gwangwani mai murfi, a riƙa binnewa.

Tsagar da ke jikin siminti tana gyaruwa. Ku kwashe ruwan, ku kankare wurin, ku jiƙa shi kaɗan. Ku kwaɓa siminti awo 1 da tataccen yashi awo 2, ku cusa, ku shafe. Ku riƙa yayyafa ruwa har mako guda, iyali su nemi aron masan maƙwabci kafin nan. Lanƙwasar roba ko ta tangaran in ta fashe, sauyawa ya fi. Amma ku ji wannan da kyau: kada kowa ya shiga rami domin ya gyara daga ƙasa. Iskar cikinsa takan sumar da mutum nan take, mai shiga ceto shi ma ya faɗi. In damina ta zaftare ƙasa, daɓe ya karkace har ruwa yana malala ta gefe ɗaya, ku rufe ɗakin ku kira magini.

Akwai wani kwano na roba mai suna SATO. Shi ba shi da lanƙwasa. Wani ɗan marfi ne a gindi, mai nauyi a bayansa. In an kora sai ya buɗe, ya komo ya rufe, ɗan ruwa ya zauna a kansa. In ya ƙi riƙe ruwa, yawanci ƙazanta ce ta bushe a bakin marfin, ko yashi ya hana shi zama. Ku wanke gefen da ruwan sabulu da tsumma mai laushi, ban da wuƙa, ban da sanda. In marfin yana reto ba ya komowa, ku duba nauyin bayansa ko maratayinsa.

Buhun siminti ɗaya zai gyara masai masu yawa, ba sai kowane gida ya sayi nasa ba. Kafin taro mai zuwa kowane mamba ya yi gwajin gawayi a gidansa, ya faɗa wa magatakarda abin da ya gani, domin ƙungiya ta san adadin lanƙwasar da za ta saya kafin ruwan fari.