Amsoshin Tambayoyinku: Me Filin Jirgin Agadez Yake Tsinana Wa Garin?

Wani mai karatunmu daga Kano, wanda fatauci kan kai shi Jamhuriyar Nijar, ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga filin jirgin sama a gefen garin Agadez, har an ce masa na ƙasa da ƙasa ne, amma ƙarar jirgi sai jefi-jefi. Me irin wannan ƙaramin fili yake tsinana wa gari? Kuma ko shi ne sansanin da aka ce sojojin Amurka sun zauna a ciki?

Madalla da wannan tambaya, Malam. Bari mu fara da ta biyun, ita ce mai sauƙi. Ba shi ba ne, kodayake ba kai kaɗai ke haɗa su ba. Filin da ka gani na farar hula ne, sunansa Mano Dayak, yana manne da gari ta kudu. Sansanin da ake kira 201 yana can 'yan kilomitoci daga gari, da nasa titin jirage daban. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina shi, jirage marasa matuƙa suka fara tashi daga can a 2019, sojojinta kuma suka tattara komatsansu a watan Agustan 2024.

Batun ƙasa da ƙasa kuwa, ba girman gini ko yawan jirage ake nufi ba. Ana nufin jirgi zai iya tasowa daga wata ƙasa ya sauka nan kai tsaye, jami'an shige da fice su buga wa fasinja hatimi, 'yan kwastan su duba kaya, ba sai an biya ta Yamai ba. Kada ka raina wannan. Daga Yamai zuwa Agadez a mota tafiyar sama da kilomita 900 ce, ta Dosso da Ƙonni da Tawa da Abalak, kuma wanda ya bi hanyar ya san yadda jiki ke faɗa masa. Baturen da ya sami hutun mako guda ba zai ƙarar da rabinsa a hanya ba.

To me ke kawo shi? Agadez tsohon zango ne na ayari, mazaunin Sarkin Abzin, ga babban masallaci mai hasumiyar ƙasa da tsawonta ya kai mita 27. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Duwatsun Abzin da hamadar Tenere sun riga shi shiga, tun 1991. Akwai raƙuman dawa da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse a Dabous, akwai lambunan Timia masu lemo a tsakiyar duwatsu, akwai ayarin gishirin Bilma.

Da farko ba ta sama baƙin ke zuwa ba. A shekarun 1970 da 1980 Turawa kan tuƙo mota su ratsa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Arlit, wasu ma su sayar da motar su koma gida. Tseren motocin Paris zuwa Dakar ya bi ta Agadez tun zagayensa na farko a 1979, ya haska garin a talabijin ɗin Turai. A wannan zamani ne wani Buzu mai suna Mano Dayak ya kafa kamfanin yawon buɗe ido a garin, Temet Voyages, ya zama shi ne mutumin da masu tsere da masu shirya fim ke nema idan za su shiga hamada. Daga baya ya shiga sahun jagororin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, shi kuwa ya rasu ranar 15 ga Disambar wannan shekara, sa'ad da jirginsu ya faɗi a duwatsun Abzin yana kan hanyar zuwa tattaunawa da gwamnati. Sunansa ne aka sa wa filin.

Ko da ƙura ta lafa a Nijar, Aljeriya na cikin nata yaƙin basasa, hanyar mota ta toshe wa Turawa. Nan ne filin ya ci sunansa na ƙasa da ƙasa. Kamfanoni irin su Point-Afrique suka riƙa kawo jiragen shata daga Faransa. Jirgin shata shi ne wanda kamfani ke ɗauka haya dungurungum, ya cika shi da nasa fasinjojin, shi ya sa kujera ke yin sauƙi. Lokacin hunturu suke zuwa, daga wajen Oktoba zuwa Maris, kafin zafi ya kankama.

A nan nake so ka tsaya ka duba, don nan amsarka take. Ranar da jirgi zai sauka, tun kafin a ji ƙararsa motocin Toyota na shiga hamada sun yi layi a bakin fili, an ɗaure jarkokin mai da na ruwa, ga tabarmi da barguna da itacen girki a saman mota. Kowace tawaga na da direbobi, da jagora wanda ya san rijiyoyi, da kuku mai gasa gurasa a cikin rairayi da garwashi. Kafin su fita gari an sayi shinkafa da taliya da sukari da ganyen shayi a kasuwa, mahauci ya yi ciniki, mai gidan mai ya yi, makaniki ya duba motoci. A daji, mai raƙuma ya ba da haya, mai lambu ya sayar da tumatir da lemo. Ranar komawa kuma, maƙeran azurfa da dukawa su baje kolinsu, Bature ya zazzage ragowar sefar da ke aljihunsa a kan abin wuya da jakar fata. Jirgi ɗaya ne ya sauka, amma je ka ƙirga gidajen da aka ɗora tukunya dalilinsa. Kuma kuɗin a Agadez suka zube, ba su tsaya a otal-otal ɗin Yamai ba.

Sai 2007 ta zo da sabon tawaye. A watan Yunin shekarar aka kai hari filin kansa, jiragen shata suka ɗauke ƙafa. Tawayen ya ƙare a 2009, amma sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010 da harin da aka kai barikin soja a Agadez a 2013 suka sa gwamnatocin Turai gargaɗin mutanensu da su guji yankin. Titin jirgi na nan, masallaci na nan, Tenere ba ta gusa ba, baƙi ne babu. Direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu ba su zauna ba: wasu suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, wasu suka nufi haƙar zinariya bayan an gano ta a Djado a 2014.

Shirun da ka ji ke nan. Duk da haka filin bai mutu ba. Jiragen cikin gida kan haɗa Agadez da Yamai, jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawo ma'aikatan agaji, hukumar kula da ƙaura ta duniya kuma ta sha kwashe baƙin haure daga nan zuwa ƙasashensu.

A ganina, kuskure ne a auna irin wannan fili da ma'aunin na Malam Aminu Kano ko na Legas. Garin da ke da nisa irin na Agadez yana bukatarsa ko da sau ɗaya a mako jirgi ke sauka. Amma masu cewa a gina fili baƙi za su zo da kansu, su ma su yi hattara, domin zaman lafiya ne ya cika jiragen nan, rashinsa kuma ya tsayar da su. In Allah ya sake kai ka Agadez, Malam, nemi wani dattijon direba a tasha, ku zauna kan shayi, ka tambaye shi yadda gari ke kasancewa ranar saukar jirgin Faransa.