'Ya'yana, Ku Gyara Hujjarku Kafin Ku Ɗaga Murya

'Ya'yana, ku matso kusa in ba ku wani labari. Na lura idan ana zancen sararin samaniya, yawancinku hoton roka kuke kallo a waya, ku yi mamaki, ku wuce. Ni kuwa mutanen da ke bayan hoton su ne suka tsaya mini a rai.

Ranar 24 ga Disamba, 2024, wani kumbo marar matuƙi na hukumar NASA ta Amurka, mai suna Parker, ya ratsa kusa da rana har abin da ya rage tsakaninsu kilomita miliyan 6.1 ne kacal. Mu da muke nesa da ita da kilomita miliyan 150, kun san yadda take gasa mu da bazara. Babu wani abu da hannun ɗan'adam ya ƙera da ya taɓa matsawa kusa haka, babu kuma wanda ya taɓa gudu irin nasa, wajen kilomita 690,000 a awa guda. Garkuwar da ke kare shi kaurinta santimita 11 ne da 'yan kai, amma an yi ta yadda za ta jure zafin da ya kusa digiri 1,400, na'urorin da ke fake a bayanta kuwa suna cikin ɗumi irin na ɗaki. Kwana biyu masu kula da shi a jihar Maryland suna jira babu labari, sai daren 26 ga wata ya aiko da alamar cewa lafiya lau yake.

Mai sunan, Eugene Parker, a 1958 matashin malami ne a Jami'ar Chicago, shekarunsa talatin da kaɗan. Ya zauna da alƙalami da takarda, lissafi ya nuna masa cewa rana tana feso ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki dare da rana, suna kwarara ta kowace fuska da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, har su wuce duniyarmu. Abin da a yau ake kira iskar rana ke nan. Ya aika da rubutun ga babbar mujallar masana taurari. Masana biyu da aka ba su duba duk suka yi watsi da shi, ɗayansu ma ya ba shi shawarar ya koma laburare ya ƙara karatu.

Ku lura da abin da Parker ya yi, domin nan ne nake so ku daɗe. Bai zagi kowa ba, bai kuma janye maganarsa don a ce yana da ladabi ba. Ya ce a nuna masa inda lissafin ya karkace. Editan mujallar, Subrahmanyan Chandrasekhar, haifaffen ƙasar Indiya, ya ɗauki takardun ya bi su layi bayan layi. Shi ma ra'ayin bai kwanta masa ba, amma bai ga kuskure ba, sai ya ba da umarnin a buga. A ganina tsohon rauni ne ya sa shi yin adalci. A 1935, yana ɗan shekara 24, babban malamin taurari na Ingila, Arthur Eddington, ya yi masa ba'a a gaban taron masana a Landan kan lissafinsa game da makomar manyan taurari. Daga baya aka gane yaron ne ke da gaskiya, har ya karɓi kyautar Nobel a 1983. Wanda aka taɓa rufe wa baki ya san zafin abin.

Shekara huɗu bayan buga rubutun, kumbon Mariner 2 da ke kan hanyarsa ta zuwa Zara matar wata ya auna iskar nan, ya same ta kamar yadda aka lissafa. A watan Agusta na 2018 kuwa, Parker yana tsoho ɗan shekara 91, aka kai shi Florida ya ga tashin kumbon da aka raɗa wa sunansa da idonsa. Shi ne mutum na farko da NASA ta yi wa haka yana raye. Ya rasu a 2022. Mahaƙurci mawadaci, in ji magabata, amma ku sani haƙurin nasa ya yi amfani ne saboda aikin da ya jingina da shi ba shi da rami.

Akwai kuma ranar da ba a saurari na ƙasa ba. Daren 27 ga Janairu, 1986, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin kumbon Challenger, cikinsu har da Roger Boisjoly, suka roƙi a ɗage tashin. Damuwarsu wasu zobba ne na roba da ke toshe mahaɗar rokar. Idan sanyi ya yi yawa robar takan sandare, ta kasa rufe kafa, ga shi kuma ana hasashen sanyi mai tsanani da safe. An riga an ɗage tafiyar a baya, manya sun gaji da jira, sai suka sa hannu. Daƙiƙa 73 bayan tashi kumbon ya tarwatse, mutum bakwai suka mutu, har da malamar makaranta Christa McAuliffe, yara 'yan makaranta suna kallo a talabijin. Da ake bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar nan, ya tsoma ta cikin kofin ruwan ƙanƙara a gaban kwamiti, ya ciro ta, kowa ya ga ba ta komawa daidai da wuri. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Ajali na Allah ne, amma amanar rayukan nan a hannun mutane take, kuma an gaya musu.

Ku kwatanta da John Glenn, Ba'amurken da ya fara zagaya duniya a kumbo, ranar 20 ga Fabrairu, 1962. Kwamfuta ta riga ta fitar da lissafin hanyarsa, amma ya nemi wata ma'aikaciya, Katherine Johnson, ta sake bin lambobin da kanta. Baƙar fata ce, mace, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a jihar Virginia. Ta yi, lambobi suka zo daidai, ya zagaya sau uku ya sauko lafiya. Wataƙila ba ku sani ba, ɗaya daga cikin tashoshin da NASA ta kafa a faɗin duniya don bibiyar kumbunan shirin da Glenn ya tashi a ƙarƙashinsa a Kano take. Idan kumbo ya ƙetare Tekun Atlantika ya shigo saman Afirka, daga ƙasarmu ake magana da matuƙinsa.

Kada ku ɗauka binciken rana nishaɗin masu kuɗi ne. A watan Maris na 1989 guguwar da rana ta turo ta kashe wutar lantarkin lardin Quebec na Kanada har awa tara. A watan Mayu na 2024 wata ta zo, sama ta yi ja da kore a ƙasashen da ba su saba gani ba, taraktocin manoman Amurka masu bin tauraron ɗan'adam suka rikice ana tsakiyar shuka. Mu a ƙasa maganaɗisun duniya yana kare mu, da ikon Allah. 'Yan sama jannatin da suka nufi wata ba su da wannan laima. A watan Agusta na 1972 an yi wata gagarumar guguwa tsakanin tafiyar kumbon Apollo 16 da ta Apollo 17 zuwa wata. Da ta riski mutane a doron wata, da rayuwarsu ta shiga haɗari. Yanzu da ake shirin sake mayar da mutane can, dole a iya hango guguwar kafin ta iso. Har yau kuma masana ba su gama warware dalilin da ya sa farin hasken da ke kewaye rana, wanda ake gani lokacin husufi, zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar ranar ba ta wuce kimanin 5,500 ba. Aiki na nan jingim yana jiran masu yi.

Ba na ce dukanku za ku hau kumbo ba. Wani zai zama nas, wata injiniya, wani mai haɗa magani, wani mai gyaran mota. Ko'ina kuka samu kanku, wata rana za ku ga abin da na gaba da ku bai gani ba. Kafin ku buɗe baki, ku sake aunawa, ku ba wani ya duba muku. In ta tabbata, ku je da sallama da girmamawa ku faɗa, ku ajiye hujjar a gabansa, kada kunya ta sa ku haɗiye maganar da za ta ceci rai. Ranar da Allah Ya ɗaukaka ku kuwa, yaro ya shigo da takarda a hannu yana rawar murya, don Allah ku ba shi kujera, ku karanta har ƙarshe. Allah Ya yi muku albarka.