Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutar Tebur ko ta Cinya?

Wani mai sauraronmu daga garin Abalessa, a jihar Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, ya aiko yana tambaya ko maslaha ce ya bar kwamfutar tebur ya koma ta cinya, alhali wasannin da yake yi marasa nauyi ne.

To, Malam, haƙiƙa maslaha ce, domin kuwa matsakaiciyar kwamfutar cinya, wadda galibi cin wutarta bai wuce wat 65 ba, tana da batirin da zai riƙe ka idan lantarki ya ɗauke, kuma na'urar sarrafa hoto da ke haɗe cikin ƙwaƙwalwarta, ta Intel ce ko ta AMD, ta wadatar wa irin wasanninka, muddin RAM ɗinta ya kai gigabait 8, ma'ajiyarta kuma SSD ce.

Sai dai ya wajaba ka yi la'akari da cewa ba a sauya mata na'urar hoto yadda ake yi wa ta tebur, kuma ƙurar yankinku na Ahaggar tana toshe mata hanyar iska, ta haɗu da zafi har ta rage gudu. Saboda haka kada ka ɗora ta bisa katifa, ka riƙa share fankarta lokaci-lokaci. Allah ya sa alheri.