Kafin ka saɓa jakarka

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini ka gama hidimar ƙasa, kana shirin goya jaka a baya ka zaga Benin da Togo da Ghana, har kana maganar zarcewa Kwaddebuwa da Senegal, duk cikin mako uku. Ita hankalinta ya tashi. Ni kuwa na yi murna, don tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ba kai ka fara ba. Kakanninmu fatake sun yi wata da watanni da jakuna daga Kano zuwa Gwanja, su kai kanwa da turkuɗi da fata kasuwar Salaga, su komo da goro. Zangunan da za ka tarar a Kumasi da Accra sawunsu ne.

Sai dai ina roƙonka ka rage ƙasashen nan. Biyar cikin mako uku ba ziyara ba ce, zaman tasha ne. Za ka dawo da hatimai a fasfo da ciwon baya, ba ka san kowa ba. Tsaya a kan uku. Daga Legas ka tsallaka Seme ka shiga Kwatano, ka bi bakin teku zuwa Lome, ka ƙetare Aflao sai Accra, sannan ka hau zuwa Kumasi. Faɗin Togo a bakin teku bai kai kilomita 60 ba, mota za ta ratsa shi kana gyangyaɗi. Kada ka bari a yi haka. Sauka a Lome ka kwana biyu, ka shiga babbar kasuwa ka ga matan da suka riƙe cinikin atamfa shekara da shekaru.

Takardu kuwa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga waɗannan ƙasashe ba biza har kwana 90, amma ba ta ce ka shiga ba fasfo ba. Duba ranar ƙarewarsa tun yanzu. Ka yi allurar shawara ka karɓi katinta mai ruwan ɗorawa, aƙalla kwana 10 kafin tashi, don sai bayan kwana 10 ake lissafa ta. A kowace iyaka ka tsaya da kanka a buga maka hatimin fita da na shiga, ka buɗe shafin ka gani da idonka. Za ka ga samari suna cewa kawo fasfo mu bi da kai ta baya. Ka yi musu godiya, ka bi layi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma dazukan arewacin Benin da Togo ba lafiya, saboda haka ka bar hanyar fatake ta tudu sai wani jiƙon.

Kuɗi ka raba su gida uku: na cefanen yini a aljihu, wasu a ƙasan jaka, wasu a lalita a jikinka. Naira za ta koma sefa a Benin da Togo, sefa ta koma sidi a Ghana. Na taɓa yin canji a wata iyaka da almuru, ina sauri mota na jira, mai canjin ya ƙirga a gabana da yatsu kamar walƙiya. Sai da muka yi nisa na tarar takarda biyu babu. Tun ranar nake ƙirgawa da hannuna kafin in miƙa nawa, kuma nake tsallaka iyaka da hantsi.

Jakar nan, ka cika ta ka zaga unguwa da ita awa guda da rana tsaka. Abin da kafaɗarka ta ƙi, ka aje shi gida. Kaya kala uku sun isa, da silifa, da ƙaramar darduma, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi da gishirin gudawa. Soket ɗin Benin da Togo mai rami biyu ne zagaye, ba irin namu ba, ka sayi mahaɗin caja. Agogon Togo da Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, ka bi kiran salla na gari. Kai matafiyi ne, kasaru halas ce gare ka, in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri sai ka cika. In da hali ka kauce wa watan Mayu da Yuni, ruwan bakin teku a lokacin ba ya wasa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne mutane. Fatake ba sa shiga gari sai da mai masauki, kuma da ɗan gari akan ci gari. In ka sauka Accra ka nufi Nima ko Sabon Zango, ka yi salla a masallaci, ka gaida dattawa, ka faɗi daga inda ka fito. Za ka ji Hausar da ta sha bamban da taka, kada ka gyara wa kowa magana, saurara kawai. Da safe ka zauna a benci ka sha koko da ƙosai, da rana ka ci waakye, wadda sunanta daga wakenmu ya samo asali. Ka riƙe 'yar tsaraba, ko dabino ko kilishi, don wanda ya sauke ka. Ka koyi gaisuwa da ƙirge da Faransanci kafin Kwatano, masu babur ɗin can masu riga rawaya za su fi yi maka sauƙi. Kada ka ɗauki hoton mutum sai ka tambaye shi, kada kuma ka karɓi saƙon ƙulli daga wanda ba ka sani ba ka tsallaka da shi iyaka, ko da ya haɗa ka da Allah.

Ka rubuta garuruwan da ranakun a takarda ka ba mahaifiyarka, ka nemi albarkarta kafin ka sayi tikiti. Duk garin da ka sauka, ka kira ta kafin ka kwanta. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.