Yadda Ake Tallafe Injin Jirgin Ruwa Idan Za A Ja Shi Da Mota

Yau za mu ajiye batun waya a gefe, mu duba wata na'urar da ta fi waya tsada nesa ba kusa ba, wato injin da ake ɗaura wa jirgin ruwa a baya. Wanda ya taɓa zuwa Yawuri, Lokoja ko Baga ya san shi. Sau da yawa ba a cikin ruwa wannan inji yake samun rauni ba, a kan titi ne, lokacin da aka ɗora jirgin a ƙaramar tirela mota tana ja.

Ina matsalar take?

Injin yana rataye ne a bangon bayan jirgi, 'yan kusoshi ne kawai ke riƙe da shi. Mai ƙarfin doki 40 yakan kai kilo 70, mai doki 150 kuwa ya haura kilo 200. A cikin ruwa, nauyin da turin farfela suna bin hanyar da aka tsara musu. A titi labari ya sha bamban.

Mutane sukan ɗaga ƙafar injin sama don kada ta bugi ƙasa. Da zarar an ɗaga ta, ta zama kamar doguwar sifana: duk ramin da taya ta faɗa, ƙafar za ta yi sama ta dawo da ƙarfi, ta murɗa bangon. Yau da gobe sai faiba ta tsage, katakon ciki ya sha ruwa ya ruɓe, kusoshi su saki. Bangon da ya yi rauni a titi, a tsakiyar kogi yake bayyana halinsa, ga fasinja a ciki.

Kuskuren da aka fi yi

Akwai wani ɗan ƙarfe a jikin injin da ake turawa ya riƙe shi a ɗage. An yi shi ne don lokacin gyara ko ajiya. Littafin Yamaha ya yi gargaɗi ƙarara cewa kada a dogara da shi a tafiyar mota, domin girgiza na iya zame shi, injin ya faɗo.

Matakan da za ka bi

1. Gwada tazara. Sauke injin ya tsaya cak kamar yadda yake aiki a ruwa. Idan akwai isasshen fili tsakanin ƙasan ƙafar da titi, ko a kan tudun rage gudu, to a haka ya fi dacewa a yi tafiya.

2. Idan tazarar ba ta isa ba, sa matokari. Iri biyu ne. Na farko sandar ƙarfe ce: baki ɗaya yana kama bayan tirela, ɗayan mai siffar V da roba yana rungume ƙafar injin. Na biyu guntun roba ne mai tauri da ake sawa a sandar haidirolik mai ɗaga injin, sai a sauke shi ya zauna a kai.

3. Sauke injin a hankali har ya zauna daram a kan matokarin, ba tare da ka danne shi da ƙarfi ba. Sannan ka ɗaure ƙafar da bel ɗin roba.

4. Ɗaure jirgin tamau da tirela, gaba da baya. Wannan ne ginshiƙi. Idan jirgi yana tsalle daban, tirela daban, sandar za ta riƙa dukan ƙafar injin maimakon ta kare ta.

5. Hana shi lilo. Miƙe sitiyari, ka kafe shi don kada injin ya riƙa kaɗawa hagu da dama.

6. Sa giya, don kada iska ta riƙa juya farfela a banza. Mercury na cewa a sa giyar gaba a yawancin injinanta.

7. Tsaya ka duba bayan 'yan kilomita na farko, domin bel yakan saki da girgiza.

Ƙaramin inji fa?

Idan mutum ɗaya ko biyu za su iya ɗaga shi, kwance shi gaba ɗaya ya fi. Tsayar da shi tukuna ruwan ciki ya tsiyaye. Idan mai tankin baƙin mai daban ne, gefe guda aka yarda a kwantar da shi, in ba haka ba man zai malala cikin silinda.

Amfanin wayarka

Ɗauki hoton lambar da ke jikin injin, ka nemo littafinsa a intanet ka sauke. Haka kuma ka ɗauki hoton bangon, musamman kewayen kusoshi, kafin tafiya da bayan isowa. Tsagar da ba ta fi gashi kauri ba takan fito idan ka buɗa hoton. Idan ka gan ta, ko ka girgiza ƙafar injin ka ga bangon yana motsi, kada jirgin ya shiga ruwa sai mai gyara ya duba.

Idan kana da ɗan'uwa mai harkar jirgi, tura masa wannan darasi. Sai mun haɗu a na gaba.